Igiyar da ba ta kai ruwa ba

Sana'ata tuƙar igiyar rijiya ce, tun zamanin da ba a taɓa ganin Bature a ƙasar Dakoro ba. Abin da na sani a kanta kaɗan ne, amma na riƙe shi da kyau: ba a tuƙa igiya ranar da ake nemanta. Da damina tabkuna cike suke, ba mai waiwayar rijiya, to lokacin nake yankan kaba, in shanya, in jiƙa, in tuƙa. Da kaka sai in auna zurfin rijiyoyi, in yanke kowace igiya daidai. In tabkuna suka ƙafe, Fulani da Buzaye suka sauko da bisashe, sai su iske ni zaune bakin rijiya da kayana. Su ba ni akuya ko tunkiya, ni kuma in musanya da hatsi. Da wannan gidana ke ci har sabon gero ya nuna, don gonata ba ta taɓa ciyar da mu ba.

Ni mutum ne mai yawan fargaba. Nakan auna rijiya in dawo gida, zuciyata ta ce ban auna daidai ba, in sake komawa. Matata takan ce, "Malam, rijiyar nan fa ba tafiya za ta yi ba."

Ashe tana tafiya. Wata shekara ruwan sama ya ɗauke da wuri, ruwan rijiya ya yi ta janyewa ƙasa bayan na riga na yanke igiyoyina. Wani dattijon Bafillace da ya saba saye wurina ya ɗaura gugansa a igiyata, ya zura har igiya ta ƙare, muka ji shiru. Ya jawo shi a bushe.

Ya ce, "Kaɗo, da iska zan shayar da shanun?"

Na ce, "Baffa, bari in ƙulla maka wani guntu a kai."

"Ƙulli? Ya maƙale a itacen bakin rijiya, takarkarin da ke jan ta ya fizga, gugana ya tafi ƙasa? Kai za ka shiga ka ɗauko?"

Gaskiya ya faɗa, ba mai jan ruwa da igiya mai ƙulli. Na kwashe kayana na koma gida, na warware bakin kowace igiya, na riƙa cusa sabuwar kaba ina tuƙawa yadda ba za a ga mahaɗa ba. Ban yarda na yi gaggawa ba, ina tsoron ta tsinke a hannun wani. Tafin hannuna ya tsattsage. Ranar da na gama, na tarar ciyawa ta ƙare, makiyaya sun gangara kudu tun kafin lokacinsu. Ba kowa bakin rijiya sai matan gari da siraran igiyoyinsu na jan hannu.

Hatsin rumbu ya kusa taɓa ƙasa. Na ɗora wa jaki kaya, na bi sawun shanu har Kornaka, a Gulbin Kaba. Can cikin gulbi ruwa kusa yake, goriba ko'ina, kowa na tuƙa igiyarsa. Wata mai sayar da hatsi ta dubi kayana ta kama baki.

"Bawan Allah, kaba ka kawo mana Gulbin Kaba? Wannan doguwar kuma raƙumin wa za a ɗaure da ita?"

Na ce ta rijiya ce.

Ta ce, "Mu nan da tsawon rawani muke ɗibar ruwa. In za ka yanka mini ta ɗaurin awaki, in auna maka."

Na daɗe tsaye ina tunanin ko in jira, wataƙila wani ayari mai zuwa arewa ya biyo. Ba wanda ya biyo. Na zaro wuƙa, na yanyanka aikin damina da na rani guntu-guntu. Hatsin da na samu bai cika gefe ɗaya na taiki ba, sai da na sa dutse a ɗaya gefen don kada kaya ya karkace.

Da na iso gida matata ta sa hannu cikin taikin, ta dube ni. Damina da saura nesa. Na ce ta ɗaure kayanta da na yara, gobe zan raka su wurin yayanta, ko shi yana da abin ba su.