Na'urar da ke mutuwa bayan la'asar

Abubuwa da yawa sun faru da ni a shekarar da na dawo gida daga bautar ƙasa, kuma yawancinsu sun fita daga kaina. Amma maganar wai-fai ɗin gidanmu na Nasarawa, ina jin ko tsufa ya ci ƙarfina ba zan manta da ita ba. Ban ce ita ce mafi girma ba. Ita dai ce har yau in na tuna sai dariya ta zo mini tare da ɗan faɗuwar gaba.

Gidanmu dogo ne kamar lungu. Daga zaure sai sashen Baba, sai tsakar gida da rumfar girki, sai ɗakunan su Inna, can ƙurya kuma ɗakin yayana da matarsa. Yayana yana aiki a kudu, shi ya aiko da rawuta, wato ɗan akwatin nan da ke raba intanet. Aka ajiye ta a falon Baba, saboda nan ne wutar sola ba ta yankewa. Sabis ɗin yakan fito da ƙarfinsa, ya ratsa bangon farko, ya ratsa na biyu da ƙyar, yana isa tankin ruwan da ke tsakar gida sai ya mutu.

Wannan ya jawo wata sabuwar ɗabi'a a gidan. Da an sallame la'asar Baba zai shimfiɗa tabarma a ƙofar falonsa, sai ka ga ƙannena mata da 'yan uwan da ke zaune wurinmu suna tahowa ɗaya bayan ɗaya. "Baba, mun zo gaishe ka." Gaisuwar kuwa ba ta ƙarewa sai magariba. Baba yana ba da labarin gonar shinkafarsa ta fadama da shekarar da ruwa ya cinye ta, ana amsa masa da "haka ne, Baba," idon kowa na kan waya. Ni ma ba zan cire kaina ba, ina cikin masu gaisuwar.

Mutum ɗaya ce ba ta zuwa, matar Yaya. 'Yar garin Gulma ce, kuma ta riƙe kunyar surukai da gaske. Ba ta faɗin sunan Baba, ko da wani yaro ne mai sunan. In za ta wuce ƙofarsa sai ta cire takalmi ta sunkuya. Shi ma Baba ba ya kallon inda take, in zai yi maganarta sai ya ce "mutanen ƙurya." Ga shi a lokacin tana jego, ba ta yi arba'in ba, balle a ce ta fita wani gida. Ma'aikaciyar jinya ce, ta daɗe tana neman aiki, sai ga shi an kira ta ganawa ta bidiyo, aka sa mata ranar Laraba bayan la'asar. A ɗakinta ko sabis ɗin layin waya sai an miƙa hannu ta taga ake samu.

Ta aika aka kira ni. "Injiniya," ta ce, don haka take tsokanata, "wai digirin naka na ado ne? Ka kawo min sabis ɗakin ga. In aikin nan ya kuɓuce min, kai zan riƙe har ka yi aure, kuma sai na gaya ma amaryarka."

Na ce zan gwada, amma ban yi alkawari ba, domin abin ya danganta da kaurin bango da wasu abubuwa. Ta ce in tafi da wasu abubuwana.

Na yi bincike iya ƙarfina, na sake yi don kada in yi kuskure. Daga ƙarshe na sayo busta, wata 'yar na'ura da ake cusawa a soket, ta karɓi sabis daga rawuta ta tura shi gaba. Na yi ta yawo da waya a hannu ina auna inda sabis ke fara rauni, har na gano soket ɗin da ke gefen firji a rumfar girki ya fi dacewa: bai yi nisa da rawuta ba, kuma ya kauce wa tankin. Na cusa, koriyar fitila ta kama. Daga ƙurya na ji guɗar matar Yaya. A ranar kowa ya shige ɗakinsa da wayarsa, ni kuma na kwana ina jin kaina wani babba.

Kwana kaɗan sai abu ya lalace. Da safe lafiya, da azahar lafiya, ana yin la'asar sai sabis ya ɗauke a duk ɗakunan ciki. Kafin a idar da magariba ya dawo da kansa. Na zargi zafi, na sa wa na'urar ƙaramar fanka. Na zargi firji. Na zargi kaina fiye da kowa. Makunnin soket ɗin yana bayan firji, ban taɓa kawo wa raina in leƙa shi ba, tunda firjin yana da nasa daban kuma yana aiki. Laraba tana matsowa, matar Yaya ta daina tsokanata, wannan kuwa ya fi tsokanar tayar mini da hankali.

Na cire bustar na hau mota zuwa Argungu, wurin wani abokina da muka yi jami'a tare, yana kula da kwamfutocin wani ofis. Ya cusa ta, muka zauna muna cin soyayyen kifi har la'asar ta wuce, fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

"Kai, ka ce kullum bayan la'asar take mutuwa?"

"Kusan kullum. Ba zan rantse ba."

"Ta dawo da magariba? To bustarka ta fi ka kiyaye lokacin salla. Malam, koma gida ka duba mai hannu."

Na koma na mayar da ita. Washegari ana sallame la'asar na riga kowa dawowa, na shige sito na laɓe bayan buhunan shinkafa, ina leƙe ta ramin ƙofa. Ina tsammanin ganin ɗaya daga cikin ƙannena. Sai ga Baba, da carbinsa da sandarsa, yana tafe a natse kamar mai duba kaji. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya zura kan sandar bayan firji, ƙas. Ya juya ya tafi ya shimfiɗa tabarmarsa. Ba a jima ba na fara jin "Baba, mun zo gaishe ka."

Na lallaɓo na fito daga siton. Yaya mutum zai dubi mahaifinsa ya ce na kama ka? Na nufi Inna na faɗa mata cikin raɗa. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Sai yau ka sani? Kai ka kwashe mishi jama'a, ka bar shi da tabarma da buta. Mi kake so ya yi?"

"Inna, ki yi mishi magana. Laraba jibi ce."

"Ni? Ai kai ne injiniya."

Washegari da hantsi na sami Baba yana shan kunu. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye har ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na ce na'urar rumfa ce ke da wata matsala, wataƙila, ban tabbata ba, tana ɗaukewa bayan la'asar.

"Ash," in ji Baba, fuskarsa ko gezau. "Kayan zamanin ga ba su da ƙwari. Allah shi kyauta."

Na ce abin da ya dame ni shi ne mutanen ƙurya. Za a gana da su ta waya ranar Laraba bayan la'asar kan aikin asibiti, in sabis ya yanke shi ke nan. Ludayin ya tsaya a hannunsa. Ashe babu wanda ya gaya masa, kunya ta hana maganar isa kunnensa. Sai ya tambaye ni ko yawan masu amfani da sabis yana rage masa ƙarfi. Na ce yana iya yiwuwa. Ya ce in tashi in tafi. Ban san ko ya fahimce ni ba, ban kuma san ko na ɓata masa rai ba.

Ranar Laraba na idar da la'asar ban san surar da na karanta ba. Matar Yaya ta shirya, ta ɗora waya kan tarin matasai, Inna ta karɓi jaririn. Ina tsaye a rumfa sai ga Baba da sandarsa ya nufo firji. Ya iso, ya dubi koriyar fitilar, ya dube ni.

"Kawo min kujera nan."

Ya zauna a gaban soket ɗin, ya gicciye sandar a cinyarsa. Sannan ya sa aka kira kowa, ya ce a shimfiɗa tabarma a rumfa, ya miƙa faifai. "Kowa shi kashe waya shi aza nan. Yau sabis na mutanen ƙurya ne." Ƙanwata ta fara cewa tana da wani karatu, ya ce karatun ya jira. Tawa ma sai da ya karɓa.

Haka muka zauna hannu wofi, Baba ya ɗauko labarin shekarar ambaliya tun daga farko, da murya ƙasa-ƙasa don kada a dami ƙurya. Sai a ranar na ji cewa a kwalekwale ya kwaso ragowar shinkafar, kuma ya faɗa ruwa har hularsa ta tafi. Muka yi ta dariya muna toshe baki. Can sai ga matar Yaya ta leƙo, ta hango wanda ke gadin soket, ta koma da gudu ta bar takalmi ɗaya. Daga baya ta aiko Inna ta ce an gama lafiya, ko sau ɗaya hoton bai tsaya ba. Bayan 'yan makonni aka kira ta aiki.

Ba a sake kashe bustar ba, ni kuma ban taɓa gaya wa Baba abin da na gani ba. Abin da na koya, in ban yi kuskure ba, shi ne kafin ka gyara wani abu a gida, ka fara duba wanda lalacewar abin take yi wa amfani. Na auna bango, na auna tanki, na manta da dattijon da raunin sabis ke tara wa 'ya'yansa. Tun daga lokacin in zan je gaishe shi, a ɗaki nake barin wayata.