Dubiyar Mamaci A Handsworth

Ina sallame sallar asuba muka kama hanyar Birmingham, ni da maƙwabcina, wani tsohon Bature da ke zaune a gidan da ke ƙasan nawa a unguwar Cheetham Hill ta Manchester. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini yaro, duk da furfurar da ta cinye mini gemu. Na sauko na tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, ya yi aski, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, yana dogara sanda. Dubiya za shi. Abokinsa na soja ne yake kwance a wani gidan kula da tsofaffi a Handsworth.

Bari in gaya muku matsayin abokin nan a wurinsa. Suna samari aka ɗebe su aikin soja, aka kai su wani tsibiri a tsakiyar teku inda gwamnatinsu ke gwajin bam ɗin nukiliya. Ranar gwajin aka zaunar da su a kan yashi, daga su sai riga da gajeren wando, aka ce su juya baya su rufe ido da tafin hannu. Baba ya ce da hasken ya tashi, idonsa a rufe ya ga ƙasusuwan yatsunsa. Bayan nan aka miƙa musu shebur su kwashe tsuntsayen da suka ƙone. Haƙoransa sun zube tun bai tsufa ba. 'Yarsa ta fari ko yaye ba ta kai ba. Yanzu ga ciwon daji a jininsa. In ya faɗa wa likitarsa sai ta gyaɗa kai ta dubi agogo, hukuma kuma ta ce babu hujjar daga can ne. Cikin waɗanda suka zauna kan yashin nan tare da shi, mutumin Handsworth kaɗai ya rage da zai iya cewa, e, ni ma na gani.

A gidan tsofaffin akwai wata 'yar'uwarmu 'yar Jos da ke aiki. Da wayata Baba ke kiran abokinsa duk Lahadi, ta nan muka saba da ita. Ana gobe tafiyar ta kira ni da la'asar. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, ta sake tambayar iyali. Sannan ta ce, "Malam, jikin Baban namu fa ya matsa. In da hali ku zo gobe." Na ce Allah ya ba shi lafiya. Ba ta ce amin ba. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san wannan kiran. Da irinsa aka kira ni gida lokacin mahaifiyata, na isa na tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida. Mu ba ma gaya wa mai tafiya rasuwa, balle tsoho mai ciwo. Sai na sauka na ce wa Baba abokinsa yana son ganinsa.

A tsohuwar motata muka tafi. Da can council, wato ƙaramar hukuma, na da motar ɗaukar tsofaffi, sun soke ta tare da wurin da Baba ke zuwa shan shayi da 'yan'uwansa, wai babu kuɗi. Na jirgin ƙasa kuwa, in ba ka yanki tikiti tun da wuri ba, sai ka zaci jirgin za su sayar maka. Na roƙi hutun yini a sito inda nake lodin kwali, ogan ya ba ni yana ɓata rai.

Babbar hanyar M6 tana nan yadda kuka san ta. Ruwa yif-yif, manyan motoci suna watsa maka laka, ga robobin gyaran hanya an jera su har iya ganinka, ma'aikaci ko ɗaya babu. Kusa da Stoke muka tsaya a wurin hutun matafiya. Na ga farashin shayinsu na juyo, na ɗauko fulas ɗina a mota. Maiɗakina ta yi mana biredi da ƙwai, ta zuba yaji kamar da gayya. Baba ya ci, ya yi tari har da hawaye, ya ce bam bai kashe shi ba, matata za ta ƙarasa shi. Muka yi dariya. Tawa ta dole ce.

Daga nan ne ya fito da abin da ke ransa. Wai in mun isa in kunna wayata in ɗauki muryar abokin, akwai wani lauya da ya ce in an samu shaida zai saurara. Duk sauran hanyar bita yake yi. Zai fara tuna masa sajen ɗinsu mai ƙaton hanci don ya yi dariya, sannan tsuntsayen, sannan hannun. "Kar ka sa baki, yaro, kai dai riƙe wayar." Na ce to, Baba. Na buɗe baki in faɗa masa ya fi a ƙirga, sai in dubi askin nan da kwat ɗin, in mayar da ido kan titi.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Handsworth. Gidajen jan bulo manne da juna, shagunan doya da ayabar suya da busasshen kifi, sai ka rantse wata kasuwar gida ce aka yi wa rufi. A gefen wata coci na ga layin masu jiran abincin sadaka, har da mata da keken jarirai, cikin ruwan nan.

'Yar'uwar tamu ce ta buɗe ƙofa. Ta rusuna, ta kama hannun Baba da hannu biyu. Shugabar gidan ce ta zo ta faɗa masa kai tsaye, irin nasu: ya rasu jiya da safe. Ya ce a kai shi ɗakin. An riga an yaye zanen gado, kayan mamacin suna cikin baƙaƙen ledoji a bayan ƙofa, domin wani yana jira a asibiti a ba shi gadon. Dangi babu. Council ce za ta binne shi, ranar da ta ga dama. Baba ya zauna a kan katifar, sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya daɗe. Bai yi kuka ba. Ni na tsaya da waya a aljihu kamar ɓarawo.

Na bi da mu ta Small Heath na yi azahar, na sayo shinkafa da nama a shagon Somalawa, mai arha kuma da yawa. Ko kallonta bai yi ba. Sai da muka hau babbar hanya ya yi magana, idonsa a kan gilashi.

"Ka sani tun jiya."

"Na yi zato, Baba. A wurinmu ba a gaya wa mutum a kan hanya."

"Tun ina saurayi ake ce mini juya baya, rufe ido, don lafiyarka ne. Ban zaci har da kai ba."

 Can na ce masa ni wallahi na yarda da duk abin da ya ce ya gani. Ya ce, "Ba ka wurin, yaro." Daga nan har Manchester sai ƙarar abin share gilashi.

Mun iso ana shirin magariba. Na miƙa hannu in taimake shi ya fito, ya ƙi, ya lallaɓa da kansa ya shiga ya ja ƙofa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Tausayin da na taso da shi, wanda na ɗauka ko'ina tausayi ne, ga wannan bawan Allah irin abin da aka yi masa ne duk rayuwarsa. Kuma masu mulkin ƙasar nan ba sai sun ƙaryata tsofaffin nan ba, jira kawai suke yi, kuma jiran yana yi musu aiki. Baba yana nan a ƙasana. Da safe in na wuce aiki ina jin tarinsa ta bango, in yi sallama, wata rana ya amsa, wata rana ya yi shiru.