Ɗakin Soson da Na Gina wa Inna

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina tausaya wa mutane, ban taɓa kawowa a raina wata rana ni ma zan rubuto ba. Lokacin da abin nan ya same mu ni birkila ne mai ji da kansa. Ɗan wani ƙauye ne ni tsakanin Bici da Kunci, inda gona take tokare da katangar gida, ko akuya ka ɗaure da doguwar igiya sai ta ci shukar maƙwabci. Tun ina saurayi na tafi Abuja leburanci, daga ɗaukar kwanon kankare har Allah Ya sa na riƙe cokalin gini. Idan na zo gida da salla bakina ba ya hutawa, komai na garinmu sai na kushe, musamman ɗakunan ƙasar da kullum damina sai an tashi yaɓe. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, Inna ce ta riƙe mu, kuma burina ɗaya a duniya shi ne in gina mata ɗakin da za ta huta a ciki kafin ta bar mu.

A wani kamfani da na yi wa aiki na koyi wani irin gini da ban taɓa gani ba. Bulon ba na siminti ba ne, farin soso ne irin wanda ake tokare sabon firji da shi a cikin kwali, mai rami a tsakiya. Sai a jera su kan juna, a zura rodi, a zuba kankare a ramin. Idan ya bushe ka sami bango mai ƙarfin gaske, da soso ciki da waje, zafin rana ba ya ratsa shi, ɗumin ciki kuma ba ya fita. Injiniyan da ya koya mana ya sha nanata cewa irin wannan bango ba ya numfashi, dole a bar wa ɗaki hanyar shan iska. Na ji, na kuma riƙe, amma a tunanina maganar gumi yake yi. Da shekarun tsadar nan suka shigo, aiki ya tsaya cak, aka sallame mu. Ragowar bulon yana zube rana tana cinsa, sai mai aikin ya ce wanda yake so ya ɗiba. Na roƙi wani direba da ya kai buhunan dawa Abuja zai koma gida babu kaya, ya ɗoro mini su. A daminar shekarar kuwa bangon ɗakin Inna na gabas ya zube, tana rakuɓe a ɗakin matata.

Ranar da aka sauke kayan nan garinmu ya sha dariya. Yara suna ɗaukar bulo da yatsa ɗaya suna gudu, kaji suka yi caa suna tsattsagar gefensa, wani dattijo ya tambaye ni ko katifa zan gina wa tsohuwa. Raina ya ɓaci, na ce musu su jira su gani. Siminti a lokacin sai wane da wane, don haka muka yi yadda kowa yake yi a wajenmu, kaɗan-kaɗan. Yayana ya sayar da gyaɗarsa, na sayar da ragon da matata take kiwo, in an sami buhu biyu a zuba layi guda a jira. Da hannuna na yi komai. Na yi filasta ciki da waje, na rufa kwano, na buga silin ba tare da na bar ko tsaga ba, na sa taga ta gilashi da ƙofar ƙarfe mai roba a gefe, wadda idan ka rufe ta sai ka ji ta kama ɗam. Can sama kusa da silin na bar 'yan ramuka na sa musu raga, kamar yadda aka koya mini.

Da bazara ta zo bakin kowa ya mutu. Ana narkewa a waje, ɗakin Inna kuwa kamar ka shiga gindin randa. Masu dariyar nan su ne suka riƙa zuwa gaishe ta da azahar, gaisuwar da ba ta ƙarewa sai la'asar. Inna tana zaune kan tabarmarta tana jan carbi tana sa mini albarka, tana cewa ko hayaniyar jikoki ba ta ji idan ta rufe ƙofa. Wallahi a kwanakin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa don daɗi. Duk wanda ya shigo sai na sa shi ya tsaya a ciki, na fita na rufe na ƙwala masa kira, in ya ce bai ji ba na yi ta ƙyaƙyata dariya.

Da kaka ta kama, autarmu da aka aurar wajen Gezawa ta dawo gida haihuwar fari, kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya, mace, ranar suna yarinya ta ci sunan Inna. Ba sai an faɗa ba, ɗakin mai jego shi ne sabon ɗaki. Wanda ya san jego a karkara ya san yadda tsofaffinmu suke tsoron sanyi. Wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa, sannan wuta a ɗaki ba ta mutuwa har a yi arba'in, don kada sanyi ya shigi mai jego ya zame mata ciwo har tsufa. Haka Inna ta yi namu jegon duka a ɗakin ƙasa mai azara, da asabari a ƙofa, iska tana shiga ta ko'ina. Tana da tsari kuwa, ba ta shigar da kasko sai gawayin ya gama hayaƙinsa a tsakar gida ya zama jan garwashi, domin a saninta, da sanina ni ma, hayaƙi shi ne abin gudu.

Wata safiya na leƙa gaishe su na tarar da Inna a kan kujera 'yar tsugune, tana cusa tsumma a ramukan nan na sama da sandar tsintsiya. Ta ce ta nan sanyi yake sulalowa kan yarinya. Na tsokane ta, na ce ashe gwanar jego ma ta koma injiniya. Ta ce in daina surutu in taya ta, akwai guda can lungu da hannunta bai kai ba. Edita, na jawo turmi na kife, na hau, na toshe ramin ƙarshe da hannuna, har ina danna tsumman da babban yatsa don ya zauna sosai. Na sauko ina yi mata alfahari cewa yanzu kasko ɗaya zai yi mata aikin uku. Maganar injiniyan nan ko giftawa ba ta yi a raina ba.

Daga nan suka fara kukan ciwon kai. Ƙanwata ta ce jiri take ji da tashin zuciya, aka ce jinin da ta zubar ne, a ƙara mata kunu. Inna ta ce kanta kamar ana sara, muka ce hawan jininta ne da wahalar dafa ruwa. Da sun fito tsakar gida sai su ji dama-dama, da sun koma sai abin ya dawo, amma babu wanda ya haɗa wannan da wancan. Wata maƙwabciya ma cewa ta yi alamar sanyi ce, a ƙara wuta. Aka kuwa ƙara.

Ranar da abin ya faru muna yankan dawa a gonar bayan gida, wadda kunyarta ta ƙarshe take jingine da bangon ɗakin. Bayan wankan safe matata ta karɓi jaririyar ta goya, don mai jego ta samu ta runtsa, ta tafi bakin murhu. Inna ta shigar da kaskonta cike, ta ja ƙofa. Ni kuwa ina nan bayan bangon ina ɗaure dami, har na jingina da shi na sha fura. Rana ta take sosai jaririya ta fara kukan nono, matata ta je ta buga ƙofa shiru, ta tura ta shiga. Ihun da ta yi ta kan katanga ya iso mini, na jefar da lauje na haura. Abin da na gani har yau in na rufe ido yana nan. Babu wuta, babu hayaƙi, ko zaren tabarma bai ƙone ba. Ɗaki tsaf, garwashi yana ja a kasko. Inna tana jingine da bango da carbi a hannu kamar gyangyaɗi ya ɗauke ta, ƙanwata kuma tana kife a ƙasa kusa da ƙofa, kwanon kunu ya kife a gefenta. Na girgiza Inna na kira ta, na sake kira, kanta kawai ya langaɓe a kafaɗata. Kafin mu fito da su ni ma kaina ya fara juyawa.

Man fetur ya yi wuya a lokacin, da ƙyar aka samu mai motar da zai kai mu asibiti. Ina rungume da Inna a baya ina ta yi mata magana, ashe tun a ɗaki ta cika. Likita ya duba ta ya lulluɓe ta, suka rufu kan ƙanwata suka sa mata iskar numfashi. Da ya tambayi yadda aka same su na gaya masa, sai ya tambaye ni ko ɗakin yana da inda iska take fita. Ya yi mini bayani cewa garwashi, ko ya daina hayaƙi, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri, sannan barci, daga barcin sai tafiya. Ya ce a ɗakin da yake shan iska ficewa take yi, a rufaffe kuwa taruwa take. Ina tsaye ina kallon bakinsa, babban yatsana na dama yana yi mini zugi kamar na sa shi a wuta. Ban iya gaya masa ni na toshe ba.

Bayan la'asar muka kai Inna makwancinta. Mutane sun ja ƙofar ɗakin sun rufe don tsoro, ana ta raɗe-raɗin cewa aljanu ne suka tare a ginin da ba a san irinsa ba. Dab da magariba na buɗe na shiga ni kaɗai. An daɗe da fitar da kaskon, an wanke mai ɗakin an binne ta, amma ɗumin da ta tara wa 'yarta yana nan bai fita ba. Nan na durƙushe na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Ƙanwata ta farfaɗo bayan kwanaki, Inna ce farkon wadda ta tambaya. Daga baya ta gaya mini cewa ta ga Inna ta yi shiru, ta so tashi jikinta ya ƙi, ta rarrafa tana buga kwano a ƙasa tana kiran sunana, don tana sane ina bayan ɗakin. Bangon da nake sa baƙi su gwada ina dariya, shi ya hana ni jin ta.

Na san kwana ne ya ƙare, kuma 'yan'uwana ba wanda ya taɓa ɗora mini laifi, amma zuciyata ba ta bar ni ba. Ginin bai yi ƙarya ba, abin da aka ce zai yi shi ya yi. Inna ma ba ta yi kuskure a abin da ta gada ba, a ɗakin da ta saba. Ni ne na san ɗakin, na kuma san jego, ban zauna na auna abin da zai faru in sun haɗu ba, ina can ina jiran a yaba mini. 'Yan'uwana magina, duk wanda ya kawo sabon gini gida, ya zauna da tsofaffin gidan ya gaya musu abin da ɗakin yake so da abin da ba ya so. Iyayenmu mata masu kula da jego, don Allah kada a rufe mai jego da garwashi a ɗakin siminti mai silin da gilashi, na soso ne ko na bulo. In ta ce kanta yana ciwo, a fara buɗe taga kafin a nemi magani.

Na fasa manyan tagogi biyu a bangon nan da guduma da kurfi, na sha wuya kuwa, don na zuba kankaren da gaske. Takwarar Inna yanzu tana gudu ko'ina. Idan suka zo ganin gida a ɗakin suke sauka, kuma da sanyin safiya takan ja rigata ta ce Kawu a rufe taga. Nakan ɗauko bargo in lulluɓe ta, in bar tagar a buɗe.