Ɗigo Bakwai a Katin Awo

'Yata ta fari tana da wata bakwai aka ce mini ta daina girma. Malamin awo a ɗakin shan magani na unguwarmu a Gashuwa ne ya nuna mini katinta: layi ya hau tsaye, sannan ya kwanta, ɗigo uku a jere. Ya ce, "Nononki ba ya isar ta."

Kafin a kwana uku maganar ta kai Nguru. Uwar mijina ta aiko a kawo mata yarinya ta yaye ta da kunu, ta riƙe ta. Ni kuwa a lokacin ko musu ban iya ba, sai dai kuka a bayan ɗaki.

Na hau motar Nguru da ita, da kayanta a ƙulle. Da muka sauka na biya asibiti, don kawai in ja lokaci. Nas ɗin wata 'yar kudu ce mai gilashi, ba ta da fara'a ko ta anini. Ta daɗe tana duban katin.

"Maman bebi, yaushe-yaushe aka yi awon nan? Babu kwanan wata."

Na lissafa mata. Ukun farko wata-wata ne. Sai damina ta faɗi, muka tare a gonar shinkafa ƙetaren kogi, wata uku ban leƙa ba. Da na dawo, kunyar fashin da na yi ta sa nake kai ta duk ranar kasuwa. Shi kuma malam, Allah ya jiƙansa, duk zuwa sai ya ɗiga a gida na gaba a katin, kamar mai jera ƙwai a tire. Wata uku gida ɗaya, mako ɗaya ma gida ɗaya.

Ta yi tsaki, ta yago takarda ta sake zanawa, kowane ɗigo da tazararsa. Hawan ya sassauta, kwanciyar ta ɓace. Layi ɗaya ne yana tafiya sama a hankali.

"Yarinya lafiya yake," in ji ta da Hausarta. "Ka ba shi nono."

Ban taɓa jin daɗin gurɓatacciyar Hausa kamar ranar ba.

A gidan uwar mijina na durƙusa na ce, "Inna, ga abin da asibiti suka ce." Ba ta karatu, amma ta bi layin da yatsa har ƙarshe. Ta ɗaga jikarta ta jinjina ta sau biyu, ta miƙo mini.

"Karɓi abarki, ta karya mini hannu."

A kan tabarmarta na zauna na ba ta nono, ƙullin kayan yana gefe ban kwance ba.