Kek ɗin Noelene a Jana'izar Merv

A garinmu, can arewacin tsibirin Tasmania, idan mutum ya mutu, kafin a tambayi me ya kashe shi sai an tambaya ko an gaya wa Noelene Pybus. Al'adarmu ce in an dawo daga maƙabarta a taru a zauren gari, kowace mace da farantinta, a sha shayi a tsaitsaye. Mu sauran mu kawo burodi da dafaffen ƙwai ko yankan naman rago. Tsakiyar tebur kuwa na Noelene ne da kek ɗinta mai laushi, wanda take kaɗa ƙwansa da hannu tun muna 'yan mata. Ni ce Glenys, maƙwabciyarta. Shinge ɗaya ya raba mu, kuma tare muke wanke kofuna a zauren, don haka ba abin da ya wuce ni.

Noelene ba ta taɓa kai giya bakinta ba. Ubansu ya shanye gonarsu kaf a mashaya, ita kuma ta tashi da ƙin duk wani abu mai juya kai. Ko maganin tari sai ta karanta jikin kwalbar. Da wani manomi a bakin gari ya fara shuka irin wiwin nan da ake igiya da shi, da izinin hukuma da komai, sai ta daina bin hanyar, wai kada iska ta kwaso mata. Ba ta dariya da ƙarfi, ba ta kuka a gaban mutane. Ranar da aka binne mijinta, ido a bushe take yanka kek tana tambayar wa bai samu ba. Ina ƙaunarta, amma zama da ita sai mai haƙuri.

Wanta Merv mai askin tumaki ne, kuma shi ya gaji ƙishirwar uban. Bai yi aure ba. Ita ke wanke masa kaya, ita ke ɗauko shi daga ƙofar mashaya tana yi masa faɗa har gida. Shekarar da ciwo ya kwantar da shi, a shekarar ne amosanin gaɓɓai ya lanƙwashe mata yatsu, har murfin kwalba ya gagare ta. Na raka ta duba shi a asibiti, ya ƙura wa hannayen ido.

"Ke Noelene, in na tafi kika bari aka kawo kek na kanti, tashi zan yi in ba ki kunya."

"Yaya, ai ka gama ba ni kunya tun kana tsaye. Kwanta ka huta."

Ta faɗa da tsiwa, muka fito muka shiga mota. Na ce ga injin kaɗa ƙwai nan nawa in tana so. Kallon da ta yi min, kai ka ce na ce ta je coci da rigar barci.

Ƙwayoyin da take sha sun fara ɓata mata ciki, sai likitarmu, wata yarinya mai sanyin hali, ta ce a gwada wani mai da ake kira CBD, ana ɗigawa a ƙarƙashin harshe.

"Da me ake yin sa?" in ji Noelene.

"Daga ganyen wiwi ake ciro shi, Mama, amma..."

Tuni Noelene ta rataya jakarta. Da ƙyar na zaunar da ita. Likita ta yi mata bayani dalla-dalla, cewa abin da ke bugarwa a ganyen daban ne, wannan kuma daban, ba ya sa maye. Ta ƙara da cewa ba za ta yi mata alkawarin miƙewar yatsu ba. Wasu yana rage musu zafi, wasu ba ya yi musu komai.

Kwalbar ta daɗe a kan taga ba a taɓa ba. Sai da aka ce jikin Merv ya yi tsanani, wata safiya ta kira ni ta saman shinge. Ta kulle ƙofa, ta ja labule, ta damƙa min makullin motarta.

"In kika ji na fara waƙa, ki watsa min ruwa. In na nemi fita, ki riƙe ni."

Ta ɗiga, ta zauna ƙam a kan kujera, hannu bisa gwiwa, tana jiran shaiɗan. Muka yi ta zama har shayina ya huce.

"Glenys, idona ya yi ja?"

"Yana nan yadda na san shi, yana hararata."

Ina jin har da ɗan haushi ta ji, ta sayar da mutuncinta ba ta ga komai ba. Yatsun dai ba su miƙe ba. Ta ce tana samun barci, zafin ma ya ɗan sassauta. Ko man ne ko taurin kanta ne, ban sani ba.

Abin da ba mu lura da shi ba, ranar da ta karɓo kwalbar a kemis, Dot Fenton na bayanta a layi, kuma Dot ba ta kwana da magana a ciki. Kafin Lahadi gari ya ɗauka cewa Noelene na shan wiwi. Kafin wata Lahadin, an ce har a kek take zubawa.

Merv ya rasu lokacin haihuwar tumaki. Ranar jana'iza tun da safe ina kicin ɗinta. Ta kaɗa ƙwan, ta huta, ta tsoma hannu a ruwan ɗumi, ta sake ɗauka. Na miƙa hannu in taya ta, ta buge min shi. Na tausaya mata ƙwarai. Da idona na ga duk abin da ya shiga kwanon nan: ƙwai, sukari, fulawa, shi ke nan.

A zaure kuwa ban taɓa ganin an yi wa kek cincirindo haka ba. Waɗanda suka fi kowa cewa Allah ya kiyaye su ne a gaba da faranti. Trevor Saltmarsh, ɗan sanda mai ritaya, ya ci yanka biyu, ya ce gwiwoyinsa sun yi sakayau, ya kwance maɗaurin wuyan rigarsa, ya ɗauko waƙar masu askin tumaki. Dot ta ce ita ɗanɗanawa kawai za ta yi don ta ba da shaida. Jim kaɗan tana kan kujera tana ƙyalƙyala dariya, wai bango na matsowa. Wasu 'yan'uwa biyu da suka yi shekaru ba sa ga maciji a kan iyakar gona suka rungume juna. Fadan coci ma ya ce a ƙafa zai koma gida, ba zai yi tuƙi a haka ba. Mutanenmu da ke zuwa jana'iza fuska a ɗaure, zancensu bai wuce ruwan sama da farashin ulu ba, yau ga su suna ba da labarin Merv, ana dariya ana share hawaye.

Noelene ta leƙo daga wurin wanke-wanke. "Me ya sami mutanen nan?"

Na gaya mata abin da gari ke faɗa, wai ta zuba wiwi a kek ɗin. Ta goge hannu a hankali, ta fita, ta tsaya a gaban teburin. Na san fuskar nan, yau kowa zai ji abin da ke cikin kek, da abin da ke cikin kansa. Ta buɗe baki ke nan sai Trevor ya dafa tebur.

"Noelene, bari in faɗa tun abin nan bai sake ni ba. Merv ya ba ni saƙo a asibiti. Ya ce in gaya wa ƙanwarsa duk ranar da ta ɗauko shi daga mashaya yana sane, kuma da ba don ita ba da tuni ya mutu a kwata. Ya ce shi bakinsa ba zai iya ba. Ni ma da ba don kek ɗin nan ba, da ban iya ba."

Noelene ta dubi farantin, saura yanka ɗaya. Ta ɗauka da lanƙwasassun yatsunta, ta ci a tsaye har ta cinye. Sannan ta zauna a kan benci, ta fashe da kuka a gaban gari duka, kuka mai sauti, kafaɗunta na rawa. Na zauna kusa da ita na riƙe mata hannu.

"Kek ɗin ne, Glenys," in ji ta da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Na cika masa hannu wajen zuba abin nan."

"Kin cika masa hannu kam," na ce.