Shekarar da Aka Yi Rufi

Duk Bahaushen da ya taɓa sayen wandon jins a Guangzhou ya san shagon Alhaji Barmo a benen Tianxiu. Ɗan shago ne, tebur ɗaya, kujeru biyu, sai butar shayi. Aikinsa raka baƙi masana'antun Xintang, ya duba ɗinki, ya ja zif, ya tabbatar an loda kaya a kwantena. Da baƙin gemu ya zo garin. Yanzu yaran kasuwar Kwari ta Kano da ke zuwa sari Baba suke ce masa.

Shekararsa a kan ranaku uku take juyawa. Akwai watan da yake fitar da zakka, akwai lokacin sabunta biza, sai kuma ta ukun, wadda ta fi tsaya masa a rai: kafin sabuwar shekarar Sinawa, dole ya faɗa wa wanda ya ba shi hayar shagon, wani tsoho mai suna Liyang, ko zai ƙara shekara ko zai ba da makulli. Sinawa ba sa son tsallakawa sabuwar shekara da magana a rataye. In ka yi shiru, an ba wani.

Ɗan kasuwa ba mai biyansa fansho, don haka Barmo ya fara gina shaguna a unguwar Rijiyar Zaki a Kano, ya ce hayarsu zai ci in ƙarfi ya ƙare. Kowace shekara matarsa Barira sai ta tambaye shi a waya, “Alhaji, bana fa?”

“In an yi rufi, Hajiya. Rufi kawai ya rage.”

Ginin ya daɗe a linta. Shi kuwa yana aikawa kaɗan-kaɗan, yana sabunta haya, hankalinsa kwance.

Bana, ana saura mako guda masana'antu su rufe, Barira ta turo masa bidiyo. Kwano sabo fil yana ƙyalli a rana. Har wani mai kemis ya kafa allo a shagon farko. Ya kira ta.

“Wa ya yi wannan aikin?”

“Ni da 'yarka Saude. Adashe na ɗauka, ita ta cika da kuɗin ɗinkinta. Ba rufi ka ce ba? To, ga rufi.”

Ya yi godiya, ya sa albarka, ya ajiye wayar. Shayin da ya zuba har ya huce bai taɓa ba.

Ran Juma'a bayan masallaci ya zauna cin tuwo a unguwar Dengfeng da Tankari, wani Bamaraɗe mai sarin fitilun sola, wanda jirginsa zai tashi washegari.

“To, Bakano, hujja ta ƙare,” in ji Tankari. “Mi za ka ce ma Hajiya yanzu? Sai an yi fenti?”

“Kai dai ci tuwonka.”

“Wallahi ka tai gida. Ko so kake Sinawa su naɗa ka mai unguwa?”

Barmo ya yi dariya, sannan ya rage murya. “Tankari, zuwana na ƙarshe, jikata ɓuya ta yi bayan uwarta. Abincina a tire ake kawowa, da cokali, kamar baƙon da ya zo daga Abuja. Abokan da muke majalisa, wasu sun rasu, wasu sun koma sabuwar unguwa. Nan kuwa ko ba komai ana nemana. In na koma, wa zai kira ni da safe?”

Tankari ya tura masa naman da ke gabansa.

Garin ya fara watsewa. Masu ɗinki na Xintang suka ɗaure jakunkuna suka nufi ƙauyukansu, tashoshi suka cika maƙil. A Tianxiu ƙofofi suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya, an manna musu jajayen takardu. Duk wanda ka tambaya kaya sai ya kaɗa hannu ya ce “meyo”, wato babu. Barmo yana zuwa ya buɗe shago ya zauna, yana jin ƙarar lif tana hawa tana sauka ba kowa a ciki.

Ranar ƙarshe kafin sabuwar shekarar, da hantsi, Liyang ya shigo, rungume da 'yar bishiyar lemo a tukunya, irin wadda yake kawo masa duk shekara in sun daidaita. Shekarun nan duka, hirarsu ba ta wuce kalmomi kaɗan da nuni da hannu ba.

“Lawban,” in ji tsohon, wato maigida, ya ɗaga yatsa ɗaya. Shekara ɗaya kuma?

Barmo ya tambaye shi da guntun Sinancinsa ko shi ma zai tafi garinsu. Liyang ya girgiza kai. Ya nuna sama: matarsa ta mutu. Ya miƙa hannu can nesa: ɗansa yana wata ƙasa. Sannan ya nuna ƙirjinsa, ya ce, “Gida, meyo.” Ya yi dariya, ya gyara wa bishiyar zama a kan tebur.

Barmo ya daɗe yana kallonsa. Sai ya laluba aljihu, ya ciro makullin, ya ajiye kusa da tukunyar. Liyang ya dubi makullin, ya dube shi, ya kama hannunsa da hannu biyu. Bishiyar kuwa ya ƙi ɗauka, ya bar masa ita.

Barmo ya sauko da ita a hannu. Ya so ya yi sallama da wani, duk benen ba shago ɗaya a buɗe. A bakin titi ya ajiye tukunyar ya kira gida.

“Hajiya, na ba da makulli.”

Yana jin tukunya na tafasa, da kukan yaro can ciki.

“Da gaske kake, Alhaji?”

“Da gaske.”

“Alhamdu lillahi,” in ji ta. “To, ka ɗan ba mu lokaci. Ɗakinka ne Saude ta zuba kekunan ɗinki. Sai mun nemo inda za ta kai su.”

“Kada ku takura mata,” in ji shi. “A shimfiɗa min tabarma a gefe.”

Ya sa wayar a aljihu, ya ɗauki bishiyar, ya tsaya jiran bas shi kaɗai.