Malama Serah da Fuskar Khairat

Kowace Talata, tun masu shaguna ba su gama buɗewa ba, wata mata kan shigo kasuwar Karu da baƙin ƙyalle ɗaure a idanunta. Ba makauniya ba ce. Tana tafe tana lalube, leɓɓanta na motsi, ba a jin abin da take faɗa. In ta kai layin masu sabulu sai ta tsaya cak, ta ɗauki kwalba ta shinshina, ta ajiye. A shekarar farko darewa mutane suke yi. Wasu suka ce mayya ce, wasu suka ce ba ma mutum ba ce. Alhaji Sale mai kayan shafa har tofi yake yi a ƙofar shagonsa in ta wuce.

To, ita ce Malama Serah Ishaya, wadda ta yi ritaya makon jiya, bayan shekara ashirin da shida tana koya wa naƙasassu sayen kayan tsaftar jikinsu da kansu: sabulu, man goge baki, audugar mata, man shafawa. Leɓɓan nan da ke motsi, takun ƙafarta suke ƙirgawa. Ƙa'idarta ke nan, ba ta koya wa makaho hanyar da ita ba ta bi a cikin duhu ba.

Wanda ke son sanin amfanin wannan wahala, ya ji labarin Khairat. Budurwa ce makauniya da goggonta ta kawo makarantar su Malama, fuska a lulluɓe. Da Malama ta ɗaga mayafin sai ta ga fuskar ta lalace. Fata na saluɓewa kamar ta dafaffen tumatir, kuma abin ya doshi wuya.

"Iska ce, Malama," in ji Goggo, murya ƙasa-ƙasa. "Kullum da safe take zuwa. Sai yarinyar ta ce ana hura mata wuta a fuska. An yi hayaƙi, an sha rubutu, shiru."

"Me take shafawa?"

Goggo ta zaro kwalba. Sanannen mai ne, ga suna ga hoto, ba abin zargi. Malama ba ta yi musu ba, amma hankalinta bai kwanta ba. Mako uku tana sa Khairat shinshina kaya, tana koya mata raba sabulun wanka da na wanki, da jin murfin da aka taɓa ɓallewa. Ranar Talata ta kai su shagon Alhaji Sale, wanda tuni ya daina tofi, har kujera yake ba ta. Ya miƙo irin man nan sak. Khairat ta buɗe, ta kai hanci, ta shinshina.

"Malama, wannan ba nawa ba ne."

"Kai, yarinyar nan! Ga sunan nan iri ɗaya," in ji Goggo.

"Nawa akwai wani wari a ƙarƙashin turaren, kamar maganin wanke banɗaki."

Alhaji ya karɓi kwalbar gida daga hannun Goggo ya shinshina, ya kau da kai da sauri. "Innalillahi! Hajiya, ina kika sayi wannan?"

"A go-sulo, wurin masu talla."

"Jabun man bilicin ne aka ɗura a ciki!"

Can Khairat ta ce a hankali, "Tun ranar farko na faɗa, Goggo. Kika ce me na sani, ni da ba na gani." Goggo ta zauna daɓas a kan buhun omo, ta fashe da kuka.

Malama Serah, ke ce kika yarda cewa mai jiki ya fi kowa sanin jikinsa. Ke ce kika jure a kira ki mayya don kada a riƙa saya wa baligi sabulu kamar jariri. Uwar marasa gata, wallahi mun ji kunya a gabanki, kuma mun gode. Allah ya saka, ya ba ki hutu mai daɗi.

Mu kuwa masu ido, mu rage gaggawar fizge kaya daga hannun naƙasasshe da sunan taimako. Mu tsaya, mu tambaye shi, mu saurara. Fuskar Khairat ta warke, sai tabo biyu a kumatu da ba za su tafi ba. Yau ita ke yi wa gidansu sayayya, kuma Goggo ba ta shafa komai a jikinta sai ta fara miƙa mata ta shinshina.